Gautar da ta Raba Ni da Aji Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ban yafe ba: Yohanna sufeton makarantu ya kunyata ni a gaban yara, ya ƙwace mini aji ɗaya, duk a kan gauta. Yohannan da muke ƙauye ɗaya, wanda na san shi tun yana yawo ba wando.

Ni dai ban yi wani dogon karatu ba. A aji huɗu na tsaya, na yi leburanci a reluwe a Kafanchan har bayana ya ƙi. Da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, malamai suka yi kaɗan, sai aka ɗebo irinmu. Aka tura ni wata makaranta a gefen Godogodo, kusa da ƙauyenmu. Masu satifiket duk suka guji aji ɗaya, wai ba su zo reno ba. Ni na ce a ba ni.

Wanda bai yi ba ba zai gane daɗinsa ba. Yaro ya zo maka yana kuka, Hausa ma ba ya ji sai yaren gidansu, yana riƙe alli kamar zai yi kaftu. Ka kama hannunsa yau, ka kama gobe. Rannan sai ka ji ihu daga bayan aji: "Ticha, ya fito! Ya fito!" Ka je ka tarar da wata karkatacciyar B a kan allonsa, yana kallonta kamar akuyarsu ce ta haihu. Shekara goma sha biyar ina ɗaukar ƙarfe a reluwe, ba wanda ya taɓa kirana da murna haka.

To, akwai wata takardar haruffa da aka rataya mana a bango. Kusa da A an zana wani abu ja, zagayayye, da ɗan tsinke a ka, an rubuta apple. Ban taɓa ganinsa ba (kuma girman kai bai bar ni na tambayi hedimasta ba). Na duba, na sake dubawa, na ce ai wannan gauta ce da ta nuna. Shekara biyu ina koyar da haka, da ƙarfin murya kuwa.

Da aka ce sufeto zai zo, hedimasta ya ce kowa ya nemi abin nuna wa yara. Na shiga lambun matata na zaɓi gauta ja mai sheƙi, har na goge ta da gefen riga.

Yohanna ya shigo da kwat da nakataye, hedimasta a bayansa. Yara suka miƙe suka gaishe shi. Na nuna A da sanda, suka rera. Na ce, "Mene ne apple?"

"Gautaaa!"

Ni kuma na zura hannu a aljihu, na ciro ta, na ɗaga sama, ina juyawa don kowa ya gani. Har murmushi na yi wa sufeto (in na tuna murmushin nan, har yau sai in ji kamar in shige rami).

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Mis Saratu ta aji biyu, da ke leƙe ta taga, ta toshe baki ta gudu. Da a nan ya tsaya, da na haɗiye. Amma sai ya karɓi sandar daga hannuna, ya ce wa yaran, "Tichanku bai san komai ba. Ku ce: Ticha bai sani ba."

Yaran suka juyo suna kallona. Ya maimaita. Wata 'yar ƙarama, Ladi, ta ɗaga hannu ta ce, "Sa, Ticha ya sani. Gauta ne. Mamana yana sayarwa."

Bayan sati biyu takarda ta zo: a cire ni daga aji, a ba ni gonar makaranta da buga ƙararrawa. Abin da na koya ke nan, cewa abin da ban taɓa sa wa haƙori ba, in tambaya kafin in rantse a kansa. Na yarda na yi kuskure. Sai dai kuskuren kalma ɗaya ce tak.

Ran Lahadin Ista Yohanna ya zo gida hutu. Bayan sujada ina zaune a gindin mangwaron coci da yaran makarantar Lahadi, rabinsu 'yan ajina ne, wasu a cinyata, ga allo a jingine da bishiyar. Ya iso yana miƙo hannu.

"Baba Ticha, kada ka riƙe ni a zuciya. Aiki ne."

Ban tashi ba. Na ce, "Yohanna, tsaya nan. Wanda ya fara kama hannunka ya koya maka rubuta sunanka, Malam Bulus ne, kuma aji uku ya yi, bai kai ni ba. Da an kore shi a kan kalma ɗaya, da yanzu kana bayan gari kana huɗar doya. Ka iya Turanci, na ji. Litinin zuwa Jumma'a ka raba ni da su. Amma yau Lahadi ce, takardarka ba ta aiki a nan. Matsa, ka tare musu allo."