Ƙofar Zabuwa da Gaisuwar Aku

A wani daji da ke tsakanin tsauni da fadama, Tunku ya addabi masu ƙwai har suka rasa inda za su sa kansu. Uwa za ta fita neman abinci, ta dawo ta tarar da ɓawo. Da kuka ya yi yawa, sai manyan dajin suka kawo sabon tsari. Aka sa dutse a bakin kowane gida, aka ajiye rundunar buzuzu masu mirgina shi, aka ɗora aku a reshen da ke kusa don ya san muryar mai gida. Idan mai gida ya ce a buɗe, aku zai gaya wa ɗan aike, ɗan aike ya tashi zuwa gajimare wurin Gaggafa, wanda ya san kowace ƙofa da mai ita, shi kuma ya aiko da umarni ga buzuzu. An rantsar da buzuzu cewa ba za su karɓi umarnin kowa a ƙasa ba, ko da mai gidan ne, domin Tunku gwanin kwaikwayon murya ne. Tsakanin reshen aku da dutsen bai kai kamu ɗaya ba, amma sai magana ta je sama ta dawo.

Zabuwa tana cikin waɗanda suka fara karɓa, don ta sha asara a hannun Tunku. Har ramin baya da take zurarewa ta sa aka liƙe da yumɓu, tunda masu tsarin sun ce gida mai ƙofa biyu ɓarawo ya fi mai shi murna da shi. A daminar nan tana kwance kan ƙwanta, sun kusa ƙyanƙyashewa, har tana jin motsi a cikin wasu.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, yunwa ta fitar da ita tsintar gara. Buzuzu suka mayar da dutse bayanta kamar yadda aka saba, don sai mai gida ya fita ake rufe ƙofa. Ba ta daɗe ba ta dawo.

"Aku, a buɗe."

"To, uwar gida," in ji Aku. Can sai ya ce, "Ki yi haƙuri, ban sami isa ga na sama ba. Ki sake gwadawa an jima."

Ta sake, ya sake. Ta juya wajen babban buzuzu, wanda ke tsaye jikin dutsen da mutanensa.

"Baba Buzuzu, ai kana jina. Ƙwaina na ciki, ƙasa kuma da sanyi."

"Ina jin ki, uwar gida, na kuma san ke ce. Amma ran da aka rantsar da mu kina wurin, har kika ce mu ƙara da cewa ko kin yi kuka kada mu saurare ki. In na tura miki yau, gobe Tunku zai zo da irin wannan kukan."

Zabuwa ta san gaskiya ya faɗa. Ta ruga wurin Damo, shugaban majalisar gyara, wanda aka zaɓa saboda haƙurinsa. Ba a taɓa ganin ciwon wani ya sa shi gaggawa ba. Ya taso da 'yan majalisarsa, suka iso hantsi ya ɗaga.

"Baiwar Allah, kwantar da hankalinki," in ji Damo. "Ruwa ba ya tsami banza. Za mu bi abin daki-daki. Kin ɗaga murya da kika yi wa Aku magana?"

"Na ɗaga, ranka ya daɗe."

"Ba ki da mura?"

"Ba ni da ita."

"To a rufe Aku da ganye har ya yi barci, sannan a tashe shi. Yawancin matsala a nan take ƙarewa."

Aka rufe Aku, aka jira ya yi barci, aka tashe shi. Ya farka ya gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, aka ce ya gwada, ya ce a yi haƙuri, bai sami isa ga na sama ba. Aka mayar da shi reshe mafi tsawo. Aka sa Zabuwa ta ce ba ta san shi ba, shi ma ya ce bai san ta ba, sannan aka sake gabatar da su ga juna kamar baƙi. Aka duba ƙafafun buzuzu, aka ga lafiyarsu lau. Aka aika sama a tambaya, Gaggafa ya aiko cewa a wurinsa komai na tafiya daidai, kuma tun safe babu saƙon da ya zo daga wannan ƙofa.

Wani ɗan majalisa ya ce a hankali, amma yadda za a ji, ai dama zabi ba a san su da zaman ƙwai ba. Zabuwa ta ji. Ta kwanta jikin dutsen ta manna ƙirjinta, kamar ɗuminta zai ratsa shi.

Sai bayan azahar Damo ya ce kowa ya daina kallon ƙofa ya kalli Aku. Zabuwa ta ce a buɗe. Wani abu baƙi ya gifta ta kan reshen kamar kibiya. Aku ya gyara tsayuwa ya ce, "Salamu alaikum. Barka da rana. Ina gajiya? Ya mutanen..." Kafin ya kai ga mutanen gida, ɗan aiken ya ɓace.

Ashe a da kurciyoyi ne 'yan aike. Kurciya takan sauka, ta amsa gaisuwa har ƙarshe, sannan ta karɓi saƙo. A daren jiya Gaggafa ya sallame su ya ɗauki tsattsewa, don an yi ta ƙorafin kurciya na da nawa. Bai ga dalilin sanar da na ƙasa ba, tunda gyara ne ya yi musu.

Damo ya sa aka kira shugaban tsattsewa. Shi kuwa ba ya sauka, sai ya yi jawabinsa gutsure-gutsure, duk giftawa da ɗan abin da ya samu faɗa.

"Ranka ya daɗe, an ɗauke mu ne don sauri." Ya wuce, ya dawo. "Duk kiran da aka yi mun zo, ko ɗaya ba mu fasa ba." Ya wuce, ya dawo. "Mun saurara iya numfashi guda, ba a ba mu saƙo ba. Ƙafafunmu ba na tsayuwa ba ne, haka Allah ya yi mu."

"To Malam Aku," in ji Damo, "me zai hana in na farko ya tafi da sallama, ka ci gaba da na biyu daga inda ka tsaya?"

Aku ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, na biyun ai wani ne daban. Yaya zan tari baƙon da ban yi wa sallama ba da tambayar iyalinsa? Ni ba ni da ƙarfin tura dutse, ba ni da fiffiken zuwa gajimare. Abin da na gada bakin nan ne, kuma an koya mini cewa magana ba ta shiga sai ta ƙofar gaisuwa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. In na jefi ɗan aike da saƙo kamar ana jifan kare da ƙashi, me ya raba ni da Tunku?"

'Yan majalisa suka gyaɗa kai, don jawabin ya yi kyau. Wasu suka ce sauri ya haifi nawa, laifin na sama ne. Wasu suka ce zamani riga ne, Aku ya rage gaisuwa. Aka fara muhawara kan ko "ina gajiya" wajibi ce ko ƙari.

Zabuwa ta ɗago daga jikin dutsen. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Aku, tun da aka kawo ka gidan nan ban taɓa wuce ka ban gaishe ka ba. Na san darajar abin da kake riƙo. Amma ɗazu da na kara kunne ina jin ƙwanƙwasa a ciki, yanzu sai na daɗe kafin in ji. Ara mini mutuncinka na yini ɗaya. In an zage ka, ka ce ni na sa ka."

Aku ya daɗe yana kallon ta. Da tsattsewa na gaba ya gifto, sai ya rufe ido ya ce, "A buɗe ƙofar Zabuwa." Ya faɗa kamar mai haɗiye ƙaya. Tsattsewa ya cafe ya yi sama, buzuzu suka kafa ƙafa a jikin dutse suna jira.

Amsa ta dawo nan take, don gaskiya tsattsewa na da sauri. Gaggafa ya ce ya san akun wannan gida, mai ladabi ne, bai taɓa aiko da saƙo babu gaisuwa ba. Wanda ya aiko wannan ko Tunku ne ko ɗan koren Tunku. Saboda kare ƙwan Zabuwa, ya hana a buɗe ƙofar har sai saƙo ya zo da cikakkiyar gaisuwa.

Babu wanda ya yi dariya. Baba Buzuzu ya sauke ƙafarsa daga dutsen a hankali, bai yarda ya haɗa ido da Zabuwa ba.

Daga nan majalisa ta yi abin da ya dace. Ta roƙi Gaggafa ya dawo da kurciya ɗaya, ya kuwa amince ba tare da musu ba. Sai dai kurciyoyin sun yi fushi sun koma ƙetaren fadama, kuma wadda aka samu ta ce sai an ba ta haƙuri yadda ya kamata. Aka ba ta. Ruwa ya sake sauka da yamma. Zabuwa ta kwana a jikin dutsen.

Da safe kurciya ta sauka a reshe. Aku ya yi mata sallama, ya tambayi kwana, da gajiya, da mutanen gida, da ruwan jiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Ta amsa duka, ta ɗauki saƙo, ta je ta dawo. Buzuzu suka tura, dutsen ya mirgina cikin sauƙi, abin da ba ya ɗaukar su fiye da ƙiftawar ido.

Zabuwa ta shiga ta kwanta kan ƙwan. Ta juya su da baki ɗaya bayan ɗaya, ta kara kunne. Ta daɗe a haka, ba wanda ya kira ta. Da ta fito, ba a tambaye ta ba.

Majalisa ta zauna don gano mai laifi. Aka duba, aka ga Buzuzu ya cika rantsuwa, Aku ya riƙe tarbiyya, Tsattsewa bai yi latti ba, Gaggafa ya tsare amana, majalisa kuma ba ta tsallake mataki ko ɗaya ba. Zabuwa kaɗai aka samu da abin faɗa, tunda ita ta fita, ita kuma ta liƙe ramin baya. Ba ta yi musu ba. Ita ma tun jiya kan laifin kanta tunaninta yake tsayawa, don shi ne kaɗai wurin da ta iya kaiwa. Damo ya yi mata nasiha da haƙuri, ya ce majalisa za ta ɗauke mata nauyin kwashe ƙwan don kada ganinsu ya riƙa tayar mata da hankali, ya kuma ɗauki wannan aiki da kansa, da yake shi ma ba ya ƙin ƙwai.

Bayan haka aka daidaita tsakanin sama da ƙasa, aka koya wa tsattsewa kewaya reshe har gaisuwa ta ƙare. Ƙofar Zabuwa ba ta sake gardama ba, kuma duk wanda ya zo yi mata ta'aziyya sai da ya yaba saurin buɗewarta.