Mutumin da Ya Hana Ruwa Fita Daga Gidansa

Wani ne a wani ɗan gari kusa da Bradford, yana cikin shan shayin safe sai ya ji a rediyo an ce hukuma ta sa wa kamfanonin ruwa iyaka, ba su isa su caji mutane fiye da abin da aka yanke musu ba.

Ya dire kofi. "Doreen! Zo ki ji, an ɗaure wa ɓarayin nan hannu!"

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Waɗanne ɓarayin kuma?"

"Masu ruwa mana, masu zuba ƙazantar gari a kogi. An yi musu iyaka. Daga yau ko teku muka shanye, kuɗin ba zai motsa ba."

"Ka dai bari ka ji ƙarshen labarin."

"Ƙarshen na 'yan siyasa ne," in ji shi, ya kashe rediyo.

Tun daga ranar famfo bai huta ba. Wanka uku kafin rana ta yi tsaka. Ya wanke motarsa, ya wanke ta maƙwabcinsa Mista Ogden ba a sa shi ba, ya dinga bin karensu da tiyo har kare ya koma kwana a ƙarƙashin gado. Ana tsuga ruwan sama, gogan naka yana lambu riƙe da lema yana ba ciyawa ruwa.

Da takardar biya ta iso, ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ɗan abin da suka tara na zuwa hutu Blackpool, ruwa ya tafi da shi.

Doreen ta ce, "Ka je ka gyara ɓarnar nan, ko in koma gidan yayata."

Ya zari kwat sai ofishin kamfanin. Ya shimfiɗa wa yarinyar da ke kan tebur takardar. "'Yar nan, ina iyakar da aka ce an sa muku?"

"Tana nan, Baba. Farashin lita aka yi wa iyaka, ba yawan litocin da za ka kwarara ba. Mita tana ƙirgawa."

"To shi wannan layi na biyun fa?"

"Kuɗin kwashe ruwan da ka gama da shi ne. Na wanka, na wanke-wanke, na masai."

"Tsaya, tsaya. In biya ya shigo, in kuma biya ya fita? Ruwa ne wannan ko surukata?"

"Haka tsarin yake, Baba."

"In bai fita ba fa?"

"Ai dole ya fita."

"Za mu gani."

Yana isa gida ya bi duk wata kafa da ruwa ke bi ya toshe, wata da tsohuwar safa, wata da siminti. Ruwan wanka a bokiti, na wanke-wanke a jarka. Da suka cika aka koma tukwane. Doreen ta buɗe tukunyar miya ta tarar da ruwan askinsa, kumfa na yawo a kai. Ta ɗauki jaka, kare ya riga ta kaiwa ƙofa.

Ba a yi mako ba Mista Ogden ya buga ƙofa, toshe da hanci. "Maƙwabci, mutuwa aka yi a gidan nan? Bangona har gumi yake!"

"Ka yi shiru kawai, tattali nake yi."

"Ka kwashe tattalinka yau, ko in kira 'yan sanda."

Sai ya ari baron Ogden ɗin, ya jibga jarkoki da bokitai, ya ɗora tukunyar miya a sama, ya turo tun daga unguwa har tsakiyar gari, abu na fantsala, mutane na tsallakewa ɗaya gefen titi. Ya kutsa cikin ofis ya jere kayansa a gaban tebur. Kafin ya miƙe, mutanen da ke kan layi sun watse.

"Ga ruwanku, 'yar nan, ko ɗigo bai bi ta bututunku ba. Ki goge layi na biyu, sannan a ba ni kuɗin dako."

Manaja ya fito a guje, hankici a hanci. "Kai Malam, ka haukace ne? Nan ofis ne! An ce maka a nan muke zubar da ƙazanta?"

Mutumin ya kama hannun baro. "Yi haƙuri, ranka ya daɗe, rashin sani ne. A wane kogin kuke zuba taku, in ƙarasa da ita?"