Hotunan Farantin da Suka Hana Baba Cin Abinci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Kula da Ladubban Masu Tafiya Hutu, jagoran masu miƙe ƙafa a bakin ruwa, uban duk wani mai jan akwati mai taya,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta wadda aka bari a gida, ina fata kana lafiya, kuma ka samu ka ci abincinka da zafinsa. An ce mini hukumarka ba ta da ofis, ba ta da lambar waya, wasu ma cewa suka yi babu ita sam. Ni dai ban yarda ba. Abin da masu hutu suke yi a gidajen cin abinci ya cika tsari, kowa iri ɗaya yake yi, dole akwai mai koya musu. Shi ya sa na rubuto a buɗe, ko wani yaronka zai tsinta ya kai maka.

Ni ce auta a gidanmu. Tela ce ni, kekena yana falo, kuma ni nake jinyar mahaifinmu tun da aka sallamo shi daga asibiti. Likita ya hana shi gishiri, ya hana shi mai, ya hana shi sukari, ya bar masa ruwa da haƙuri. Yayana, wanda muke kira Yaya Babba, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa sun tafi hutu wani gari mai bakin teku. Ban ce kada su je ba, Allah Ya sani bawan Allahn nan ya gaji. Damuwata ɗaya ce: tun da suka sauka Baba ya daina cin abinci, kuma mutanenka ne suka jawo. Ga ƙorafina, cikin ladabi.

Na ɗaya. A wane shafi na dokokinka aka ce matafiyi ya sanar da isarsa da hoton kifi? Muna da guruf na 'yan gida a waya, Baba yana ciki, Yaya da kansa ya saya masa waya mai faffadar fuska don ya riƙa gani da kyau. Ranar tafiyar Baba ya wuni da ita a cinya yana jiran a ce an sauka lafiya. Da ta yi ƙara, sai ga kifi kwance a farin faranti, an soya shi ya yi ja, da yankan lemun tsami a bakinsa. Ba sallama, ba komai. Daga bakin kifin nan muka ji cewa jirgi bai faɗi ba.

Na biyu, batun lokaci. Ranka ya daɗe, ko hukumarka ta ajiye ɗan leƙen asiri a kicin ɗina ne? Ban taɓa ɗaukar tiren Baba ba face wayar ta yi ƙara kafin in kai ƙofar ɗakinsa. Bari in faɗa maka abin da ke kan tiren, don ka yi adalci: dafaffen kabeji, karas, farar shinkafa ba gishiri, da tsokar kaza da na dafa har ta manta ita kaza ce. Sai Baba ya dubi waya, ga nama yana ƙyalli, mai yana tsiyaya. Ya dubi tire. Ya sa yatsa ɗaya ya ture shi, ya ce, "Auta, ɗauke, ba na jin yunwa." To maganinsa kuwa sai an ci abinci ake sha. Ka ga ke nan duk naman da aka ɗauki hotonsa a can, ƙwaya ɗaya ce ta kwana a kwalba a nan.

Na uku. Ina roƙon a yi mini bayani, don ni ba mai zurfin karatu ba ce: kaza ɗaya, hoto nawa doka ta yarda a yi mata? Ana turo ta daga sama, a turo ta daga gefe, a turo ta an yanka, sannan bidiyo ya biyo baya ana zuba mata miya a hankali kamar ana yi wa jariri wanka. Fasfo za a yi mata? 'Yar Yaya ta tsegunta mini a waya cewa mamansu, wadda muke kira Anti, har kan kujera take hawa. Ta hana kowa taɓa cokali, ta sa mai kawo abinci ya riƙe mata fitilar waya, ta ɗauki farantin mijinta ta kai bakin taga, shi kuma yana zaune da tawul a wuya yana haɗiyar yawu. Matar da a gida ko labule ba ta iya sauyawa saboda ciwon gwiwa. Lallai iskar teku magani ce, a faɗa wa likitan Baba.

Na huɗu, kuma wannan ya fi ƙona mini rai: rubutun da ake sakawa a ƙarƙashin hoton. "Baba, da ma kana nan." "Baba, wannan sai ka warke." Tsohon nan yana bin kalmomin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa yana motsi. Kafin ya gama, dangi sun yi caa, wannan ya manna alamar zuciya, wancan ya manna alamar wuta, gwaggonmu da ba ta da haƙori ko ɗaya ta rubuta a ajiye mata ƙashin. Kowa yana raha, ni ce nake kwashe kabeji in mayar firji.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na ce tunda abin na ido ne, bari in bi koyarwar hukumarka. Na ciro farantin baƙi daga kabad, na jera karas a da'ira, na dasa ganye ɗaya a kan shinkafar, na jawo kujerar ɗinkina na hau da waya a hannu. Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Sauko kafin ki karye, mu zama biyu." Bai ci ba.

Na kira Yaya, bai ɗauka ba, wayar tana bakin aiki. Can sai ya amsa mini da hoton askirim. Raina ya ɓaci, na ɗauki farantin Baba yadda yake, ko cokali ba a sa ba, na tura guruf, na rubuta, "Na Baba ne, tun rana yake nan." Na ce ko dutse ne ya gane. Ranka ya daɗe, zuciya suka manna masa. Anti ta rubuto, "Auta kin iya jera abinci, amma gobe ki matsa kusa da taga, hasken bai fito ba."

Na biyar ba ƙorafi ba ne, rahoto ne. Na rage wa Baba ƙugun wando da hannuna, kuma tela ba ta ƙarya a kan awo. Likita ya zo ya duba shi, ya ce in aka ci gaba a haka, gado zai koma a sa masa ƙarin ruwa. Tsoro ya kama ni sosai. Na yanke shawarar in ɗauke wayar in ɓoye a cikin buhun yadi, in ce ta lalace.

Jiya da la'asar na shiga ɗakinsa a hankali, ina zaton barci yake. Sai na same shi zaune a bakin gado, tabarau a hanci, ya sa yatsu biyu yana buɗa hoto yadda jikokinsa suka koya masa. Na leƙa ta bayansa. Wani farantin nama ne, amma ya ture naman gefe har ya fita daga fuskar wayar. Cokalin da ke kusa da farantin yake ta buɗawa. A jikin cokalin, kamar a madubi, akwai wani ɗan mutum a lanƙwashe, kai ƙarami, ciki ƙato, waya ta rufe masa fuska.

"Auta, zo ki duba mini," in ji shi. "Wannan ba yayanki ba ne?"

Na ce shi ne, ga agogonsa nan. Sai ya koma baya yana nuna mini sauran abin da ya tsinta: gwiwar hannun jikarsa a gefen wani faranti, inuwar kan Yaya a jikin kofi, yatsan ƙaramin jikansa yana miƙowa wajen dankali. Na zauna kusa da shi muka bi hotunan nan tun daga kifin farko har zuwa askirim. Babu fuskar mutum ko ɗaya. Ban ɗauke wayar ba, ranka ya daɗe. Na fita kicin na yi kukana, na wanke fuska, na dawo da ruwan shayi ba sukari, ya kurɓa sau biyu don kada in ji haushi.

Saboda haka ina gabatar da buƙata ɗaya, ba na neman a hana kowa hawa kujera. A sa doka a kowane gidan cin abinci da ke ƙarƙashin ikonka: duk wanda ya gama ɗaukar faranti, mai kawo abinci ya riƙe cokulan, kada ya ba shi sai ya juya wayar ya ɗauki fuskarsa da ta waɗanda ke zaune da shi. Ko da hanci ya fito ƙato, ko da hasken bai fito ba, a turo a haka. Mu nan ba masu zaɓe ba ne.

Na karanta wa Baba wasiƙar nan kafin in rufe. Ya ce in cire maganar gwiwar Anti, na ce to, ban cire ba. Ya kuma ce in tambaye ka, tunda kai ne babba a wurin kuma kana ganinsu: yaron nan yana cin abincin kuwa, ko ɗauka kawai yake yi? Wai a cikin cokalin kamar wuyansa ya rame.

Ina durƙushe gaban teburinka mai albarka, ba zan taɓa komai ba sai ka gama ɗauka.

Taka mai biyayya har abinci ya huce,

Auta,
tela, mai jinyar Baba,
ɗakin da ke kusa da kicin.