Gwaggo Ta Rasu a Bakin Ƙofar Ƙarfe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa biyu da suka rasa abin riƙewa, Mai Aski na kan kwana yana sanar da abokan cinikinsa, da maƙwabta, da masu shigowa shagon don shan iskar fanka kawai, rasuwar na'urarsa ta gem, wato wasan bidiyo, wadda kowa ya sani da suna Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan kantar da ke ƙarƙashin talabijin, bayan gajeriyar jinya da dogon jira. Shekararta bakwai a shagon.

An sa mata Gwaggo ne saboda yadda take tashi. Sai an taɓa ta sau biyu kafin ta ce ɗiit, ta yi nishi, sannan ta ja numfashi fuuu, kamar tsohuwar da aka tayar daga barcin rana. Amma in ta tashi, ta tashi ke nan. Marigayiyar mai haƙuri ce. An sha ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, ba ta taɓa mance inda aka tsaya ba. Telan unguwa ya taɓa ɗora mata kofin shayi, ba ta riƙe shi a zuci ba. Ta raba gardama tsakanin manyan mutane masu iyali, ta kuma haddasa wasu, duk ba da nufinta ba.

Mutum biyu ta fi sabawa da su: Mai Aski da yayansa. Yaya ya yi shekara ashirin yana tuƙa babbar mota, har ciwon sukari ya taɓa masa ido, aka karɓi makullin. Daga nan ya zama kullum da safe yana kan bencin shago, ya haɗa kai da gwiwa. Wata rana Mai Aski ya ɗora masa rimot a cinya. Yaya ya ce, "Ni da furfurata?" Ba a yi mako ba sai ga shi yana riga mai shago zuwa, yana tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo.

Gem ɗaya suka riƙe. Labarin wasu mafarauta ne biyu, wa da ƙani, da suka fita neman ƙanwarsu da aka sace aka kai wani birni a kan dutse. Wata takwas suna tafiya, tsakanin wannan kai da waccan ƙeya, Mai Aski yana ajiye almakashi yana ɗaukar rimot. Suka haye koguna, suka mutu ba adadi, suka tashi. Ranar da suka isa ƙofar birnin, ƙatuwar ƙofar ƙarfe, har mai jiran aski ya miƙe tsaye da tawul a wuya. Sai rubutu ya fito a allon: ci gaban labarin yana nan tafe, nan da wata uku.

Yau shekara uku ke nan.

Kamfanin da ya yi gem ɗin, wanda ba za a ambaci sunansa a takardar makoki ba, ya ɗaga ranar sau biyar. Kowane karo da wasiƙar ban haƙuri mai daɗin karantawa, wai suna so su kawo abu mai inganci. Ana cikin jiran suka fito da huluna na sayarwa. Suka fito da sirdin doki mai ƙyalli. Suka fito da tikiti, wai wanda ya biya tun yanzu shi zai fara shiga birnin. Mai Aski ya sayi tikitin, ya kuma saya wa mafaraucin Yaya jar hula, don Yaya ya ce ya fara kasa bambanta nasa da na ƙaninsa. Kowace safiya a tayar da Gwaggo, ta yi nishinta, ta kai su bakin ƙofar. Mafarauta biyu su tsaya, ɗaya da jar hula, iska tana kaɗa ciyawa. A duba ko an buɗe. A kashe.

Masu zuwa shagon sun ga abin da ya faru da bencin. Da farko yana jikin bango. A shekara ta biyu, da idon dama ya tafi, aka jawo shi tsakiyar shago, masu zuwa aski suna zagaye shi. Bana aka bar bencin aka kawo kujera, gwiwar Yaya tana taɓa kantar. Likita ya ce na hagun ma watanni ne. An yi wa Yaya tayin wani gem ɗin mai ƙarshe, na ƙwallo ko na tseren mota, ya ce a'a. "Ban taɓa sauke kaya a rabin hanya ba. Yarinyar nan tana ciki, sai na gan ta da idona."

Makon jiya ci gaban ya fito. Sai dai an ce na saye ne daban. Tikitin da aka biya tun farko, ashe na huluna ne da shiga layi. Mai Aski bai yi gardama ba, ba shi da lokacin gardama. Ya bar maganar sabon injin aski ya biya. Bai gaya wa Yaya ba, yana so Yaya ya dawo daga asibiti ranar Talata ya tarar da ƙofa a buɗe.

Ga yadda jinyar ta kasance. Gwaggo ta ce ba ta da wurin ɗaukar sabon kayan, aka goge ƙwallo, aka goge tseren mota, aka goge komai sai mafarauta biyu. Ta fara sauke ci gaban daga intanet. A kashi sittin cikin ɗari jikinta ya ɗauki zafi, aka juyo mata da fanka, aka bar wanda ake yi wa aski yana zufa. A kashi tamanin numfashinta ya koma wiii, kukan da ba a taɓa ji daga bakinta ba. A nan Mai Aski ya yi mata abin da ya sani, abin da yake yi wa injin aski in ya yi zafi yana kuka: ya goge ta da buroshi, ya hura ta da dirayar busar da gashi, ya ɗiga mata man inji ta cikin ramukan iska, ɗigo uku, da bismillah. Ta yi shiru kamar ta ji daɗi. A kashi casa'in da bakwai ta ce ƙyas. Wari ya tashi. Mai Aski ya taɓa ta sau biyu, ya taɓa sau ashirin, ba ta ce ɗiit ba.

Injiniya mai gyaran waya ne ya buɗe gawar. Ya ciro gashi curi guda, na shekara bakwai, baƙi da fari, na duk unguwar. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Wannan ai ba na'ura ba ce, matashin kai ne. Wa ya zuba mata mai?" Ya ce gashin ne ya shaƙe ta, man kuma ya yi mata rakiya.

Ta rasu ta bar rimot biyu, ɗaya lafiya lau, ɗayan kuma yana jan mutum hagu ko ba a taɓa shi ba, wanda Yaya ke cewa kamar sitiyarin tsohuwar motarsa. Ta bar igiyar wuta da aka naɗe da salatif, da talabijin da ya koma nuna labarai ba mai kallo. Ta bar matar Mai Aski, wadda ta sha cewa za ta jefa ta a kwata, amma da ta ji labarin ta zauna a bakin gado ta ce, "To Yaya fa?" Ta bar ma'ajiyar da take adana tafiyar gem, wadda Injiniya ya ciro da rai, tana naɗe cikin tawul a aljihun tebur tare da reza. Mafarautan suna ciki. Injiniya ya ce zai iya tayar da su, amma sai a cikin na'ura irin marigayiya, tsohuwar ƙira, wadda aka daina sayarwa. Sabuwar da kamfanin ke talla ba ta karɓar tsohuwar tafiya. A cikinta sai dai a faro daga kogin farko, wata takwas, kuma idon Yaya ba shi da wata takwas.

Don haka Mai Aski ba ya neman addu'a kaɗai. Duk mai irin wannan na'ura, ko a ƙarƙashin gado take, ko 'ya'ya sun fasa mata murfi, don Allah ya kawo aronta na mako biyu. Za a rufe ta da leda in ana aski. Ba za a zuba mata komai ba. Mai ita da 'ya'yansa da surukansa sun gama biyan aski a shagon nan har abada.

Za a kai marigayiya makwancinta ranar Asabar da la'asar, a cikin kwalin da ta zo da shi, a saman kabad ɗin shago. Za a karɓi gaisuwa a nan shagon, amma daga azahar zuwa sama, bayan Yaya ya tafi gida. Ana roƙon jama'a kada kowa ya yi masa ta'aziyya, domin bai sani ba. Da ya dawo daga asibiti ya zauna a kujerarsa ya miƙa hannu a ba shi rimot, Mai Aski ya ce masa an kai Gwaggo a share mata ƙura, ba gaggawa, ai kamfanin ya sake ɗagawa. Yaya bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya dai juyo da idon hagu wajen allon ya ce, "Zuwa yaushe kuma?"

Wanda duk ya tambaya, a ce masa mako biyu.