Maɗaurin Jirgin Nasara

Wani Nasara mai gyaran motocin kwamanda ya ƙera jirgin sama da hannunsa, ya kawo shi filin bayan Matameye zai gwada. Murfin injin ne ke ta ɓalɓal. Tafintansa ya zo rumfata ta dukanci ya ce, "Baba, maɗauri huɗu yake so, waɗanda ba za su kwance ba. In ka yi, bana babu kai a aikin dole."

Ya miƙo min wasu ƙarafan maƙalawa. Na ture su. Shekara talatin ina ɗaure gatari da ganga, ƙarfe bai taɓa taya ni ba. Na jiƙa ɗanyar fatar bijimi, na yanka, na ja iya ƙarfina, na ƙulle. Har na ce wa tafinta ko Zinder za shi, murfin nan ba zai motsa ba.

Rana ta yi, aka tada inji. Fata ta sha zafi, ta bushe, ta matse murfin har ya lotse kamar tsohon kwano. Hayaƙi ya taso. Nasara ya ja maɗaurin don ya buɗe murfin, ya sa wuƙa, wuƙa ta lanƙwashe. Sai da aka ɗauko gatari, shi ma ɗaurina ne.

Wata uku na yi ina fasa dutse a hanyar Kance. Kada ya kwance aka ce min. Ya kwance?

Har yau in akuya ta tsinke, matata sai ta ce, "Malam, taso ka yi mata ɗaurin jirgi."