Allurar da Ta Tayar da Kaka

"Lafiya lau, Kurma. Ashe kina gaisuwa? Na zaci sai an rubuto miki takarda."

Rediyo mai aski ke nan, a ƙofar shagonsa, yana tarbar taubashiyarsa tela. Shi bakinsa ba ya hutu ko aska na kan wuyan mutum, ita kuwa sai ta ɗinke riga uku ba ta ce uffan ba. Damuwarsu ɗaya: yau likita zai yi wa kakarsu aikin ido, tsohuwa kuma ta rantse ba inda za ta. In ranar ta wuce, idon ya tafi.

Rediyo ya shiga ba ta labarin yadda ya kwana uku yana lallashi. Ya yi wa'azi, ya yi barkwanci, har kukan ƙarya ya yi.

"Ni da baki ma na kasa, balle ke da aka haifa da zif a leɓe."

"Shiru ma magana ce, bawana."

"Wa ye bawanki? Ranar sunanki ko kuka ba ki yi ba, sai ni aka ɗauko na taya ki."

"Shi ya sa har yau ba ka daina ba."

Mutumin da ake yi wa aski ya tuntsire da dariya, saura kaɗan ya rasa kunne.

Sannan Kurma ta faɗa wa Rediyo yadda ta yi, a taƙaice kamar kullum. Da safe ta je ta zauna kusa da Kaka da ɗinkinta, ba ta ambaci asibiti ba. Can ta miƙa mata allura da zare ta sa mata, yadda Kaka ta saba yi mata tun tana koyo. Tsohuwa ta gwada sau biyar, zare na wucewa ta gefe. Hawaye ya zubo mata, ta ce a miƙo mata takalmanta.

"Ƙarya kike!"

"Leƙa motarka."

Ya leƙa motarsa da ke ajiye gefen shago. Ga Kaka ta hakimce a gidan gaba, jaka a cinya.

"Kai, mijin banza, zo ka ja mu," in ji ta. "Amma ka buɗe baki a hanya, in sauka."

Rediyo ya buɗe baki, ya rufe. Ya kwashe da dariya har da dafa bango, ya cire hularsa ya ɗora wa Kurma a ka.

"Uwar ɗakina, kin ci. Shiga, ni ne direba."