Ranar da Na Kashe Maharbi

A Ƙafin Maiyaki, kullum bayan la'asar Malam Ilu ke karanta mana littafin wani maharbi a gindin rimi. In ya kwaikwayi kukan kura, har awaki sai sun watse.

Da ya tafi Riruwai ziyara, na ce a ba ni littafin. Wata huɗu na yi a ajin yaƙi da jahilci, ga dagaci a zaune, yana kuwa neman magatakarda.

Layi biyar na yi, baƙaƙe suka ƙi haɗuwa. Ban nuna ba, na ci gaba da ka. Da na rasa inda zan kai maharbin, sai na sa ɓauna ta kashe shi. Baba Sule, wanda bai taɓa fashin zaman ba, ya yi salati har da hawaye.

Malam Ilu ya dawo ya buɗe shafin, ga maharbi garau yana neman aure.

Baba Sule ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wa na yi wa kuka?"

Dagaci ya ɗauki wani. Har yau in na kawo labarin rasuwa, sai a ce, "To, bari dai Malam Ilu ya zo."